ADON GIDA: Hoton Japan A Bangon Dutse Alhaji

Duk wanda ya saba shiga gidajen ma'aikata a Dutse Alhaji, cikin yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya, zai lura bangon falo ya soma canza kama. A da, kalandar banki ce da agogo, sai hoton ranar aure. Yanzu kuwa akan ci karo da zane-zanen ƙasashe masu nisa, waɗanda ake sayowa cikin gari ko a yi odarsu ta intanet, sa'an nan a kai wa mai firam ya sa musu gilashi. A cikinsu akwai wanda ido ba ya wuce shi: wata ƙatuwar igiyar ruwa shuɗiya da ta miƙe ta buɗe farata a kan jiragen ruwa uku, can nesa kuma ga wani dutse mai farin kai. Wannan hoto daga ƙasar Japan ya fito, shi ne kuma abin da filin zai duba a wannan mako, domin sau da yawa mai sayensa bai san irin abin da ya saya ba, balle ya san yadda zai adana shi.

Wanda ya zana hoton shi ne Katsushika Hokusai, an haife shi a 1760, ya rasu a 1849. Yana da shekara wajen 70 sa'ad da ya fitar da shi, wajen 1831, cikin wani jerin hotuna 36 na Dutsen Fuji, wanda daga baya aka ƙara masa goma suka zama 46. Fuji shi ne dutse mafi tsawo a Japan, mita 3,776. Jiragen da ke cikin hoton na masu kai kifi kasuwa ne a birnin Edo, watau Tokyo ta yau. Mutanen Japan suna ji da hoton nan ƙwarai, har sun sa shi a bayan sabuwar takardar kuɗinsu ta Yen 1,000 da ta fito a watan Yuli na 2024, kamar yadda aka sa Dutsen Zuma a bayan takardar Naira 100 ta 1999. Akwai kuma Utagawa Hiroshige, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858, ya zana zanguna 53 na babbar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo da Kyoto, da fatake da 'yan dako da ruwan sama a cikinsu.

Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne, waɗannan hotuna tun asalinsu bugawa ake yi da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mutum huɗu ke tarayya a aikin. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kan katako mai tauri ya sassaƙe duk inda babu layi, mai bugu ya shafa wa katakon launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka lulluɓe da ɓawon gora, sai mai jari ya biya su duka ya sayar. Kowane launi da nasa katakon, ana kuma sassaƙa wata alama a gefe domin takardar ta riƙa sauka daidai wuri guda. Tun daga 1765 aka ƙware da bugu mai launuka da yawa ta wannan hanya. Takardar kuwa ta hannu ce, daga ɓawon itace ake yin ta. A zamanin Hokusai talaka ke sayen irin wannan hoto, kuɗinsa bai wuce na kwanon taliya biyu ba. Masana sun ƙiyasta an buga dubbai na hoton igiyar ruwan, amma ɗari da 'yan kai ne suka rage a duniya.

Saboda haka babu abin kunya ga wanda ya rataye kwafi a ɗakinsa. Inda ɓarna take shi ne a sayar wa mutum iri ɗaya da sunan wani iri, domin kuwa hotunan kashi uku ne.

Kashi na farko shi ne tsohon bugu na zamanin mai zanen. Wannan yana gidajen tarihi da hannun manyan attajirai. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon guda ɗaya na hoton igiyar ruwan a birnin New York na Amurka, aka saye shi fiye da dala miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. To, duk wanda aka tare shi a bakin titin Kubwa ko a intanet aka ce ga na asali a kan 'yan dubban Naira, sai ya riƙe aljihunsa ya wuce.

Kashi na biyu shi ne sabon bugu na hannu. Har yau akwai masu sana'ar a Japan, suna sassaƙa sababbin katakai bisa tsohon zane, su buga a takardar hannu kamar yadda kakanninsu suka yi. Cikin sanannu akwai gidan Adachi da ke Tokyo, wanda aka kafa a 1928. Irin wannan aiki yana da tsada gwargwado, ya kuma cancanci kuɗinsa, tun da makonni ake yi ana fama da shi.

Kashi na uku shi ne bugun inji. Shi ya fi yawa, shi ya fi araha, kuma ba shi da laifi muddin an faɗi gaskiyarsa. Hasali ma, tun 2017 babban gidan tarihin nan na Metropolitan da ke New York ya saki dubun dubatar hotunan kayansa a intanet kyauta, har da na Hokusai, ya yarda kowa ya ɗauka. Watau ɗan makaranta a Dutse Alhaji yana iya sauke hoton ya kai wa mai buga hotuna, ya biya kuɗin takarda da tawada kurum.

Yaya za a rarrabe na hannu da na inji? Da farko a juya takardar a duba bayanta. Bugun hannu, launi yakan ratsa ya leƙo ta baya, ana kuma iya ganin sawun murzar faifan. Na inji bayansa fari fat yake. Na biyu, a kusanto da kyamarar waya a ƙara girman wani sashe. Idan launin ya watse ya zama ɗigo-ɗigo, aikin inji ne. Na uku, a auna. Hoton igiyar ruwan na gargajiya bai wuce kimanin santimita 25 a tsaye da 37 a kwance ba, don haka wanda ya kai faɗin ƙofa inji ne ya buɗa shi. Wanda aka riga aka rufe cikin firam, mai shi kuma ya ƙi a buɗe, sayensa da kuɗin na hannu cinikin biri a sama ne. Mai yin oda daga waje ya nemi a turo masa hoton bayan takardar kafin ya biya.

Akwai kuma batun abin da ke cikin hoton. Gidaje da yawa ba su rataye hoton mai rai, alhali wani babban sashe na zanen Japan na 'yan wasan kwaikwayo ne da matan birni, wasu ma ba su dace da ɗakin da yara ke shiga ba. Wanda yake da wannan damuwa ya duba sosai tukuna, domin ko hoton igiyar ruwan akwai ƙananan matuƙa kwance cikin jiragen. Hokusai yana da wani na jan Dutsen Fuji da gajimare kaɗai, babu mutum ko dabba a ciki.

In an saya, sai maganar kulawa, a nan ne kuma akasari ke yin asara. Babban maƙiyin hoton takarda shi ne rana. Shuɗin igiyar ruwan wani launi ne da aka gano a birnin Berlin na Jamus a farkon ƙarni na 18, an haɗa shi da baba irin wanda marina suka sani a Ƙofar Mata ta Kano, kuma yana da juriya. Amma ja da rawaya da ruwan hoda saurin koɗewa gare su, wanda ya koɗe kuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa gidajen tarihi ba su nuna irin waɗannan hotuna sai cikin haske kaɗan, na 'yan watanni, su mayar da su cikin duhu. Maigida ya zaɓi bangon da hasken taga ba ya sauka a kai safe ko yamma. Mai hoto biyu ko uku ya riƙa sauya su, ɗaya a bango, saura a ajiye.

Maƙiyi na biyu danshi ne. Daminar Abuja doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, gidaje da yawa a Dutse Alhaji kuma a gindin duwatsu suke, inda ruwa ke gangarowa ya kwanta a tushen gini. Bangon da ruwan sama ke duka ta waje, da wanda ya haɗa baya da banɗaki, da na sabon ginin da siminti bai gama bushewa ba, duk ba wurin hoto ba ne. Danshi ke kawo fumfuna da jajayen tabo, ya sa takarda ta yi kumburi. Yana da kyau a maƙala 'yan guntayen roba a kusurwoyin bayan firam domin iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango, a kuma sauke shi cikin watan Agusta a duba bayansa, ko gara da kyankyaso sun sami mafaka. Da hunturu kuwa ƙura ce abin tsoro. A jiƙa tsumma kaɗan a goge gilashin, kada a fesa ruwa a kansa, domin yakan gangara ya shiga ta ƙasa. Hayaƙin girki da na janareto da na turaren wuta su ma suna dusashe takarda sannu a hankali.

Maƙiyi na uku, abin mamaki, shi ne mai firam da bai san darajar abin da aka kawo masa ba. Ya saba da hoton biki da takardar shaidar makaranta, sai ya shafa gam ya manne hoton a kan kwali, ko ya liƙe shi da salatif, ko ya datse gefen domin ya shiga firam ɗin da yake da shi. Bugun hannu da aka yi wa haka ya rasa darajarsa, gyaransa kuma sai ƙwararre. Mai hoto ya tsaya a kan aikin. Ya ce kada a manne, kada a yanke, kada a rufe da leda mai zafi. A sa farin kwali mai kyau wanda aka yanke masa taga a tsakiya, domin takarda kada ta taɓa gilashi, a riƙe kusurwoyinta da 'yan aljihunan takarda. Kwalin katon na kasuwa bai dace ba, domin yakan rina takarda ta koma ruwan ƙasa. Wanda ba a rataye ba kuma a shimfiɗe ake ajiye shi tsakanin fararen takardu, ba a naɗe ba, a taɓa shi da hannu mai tsabta.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fanni tana yi, in mai saye ya san ta araha ya saya, ya biya kuɗin araha. Hoton inji da aka rataye a inuwa cikin firam mai kyau zai daɗe yana ƙawata falo, na hannu mai tsada da aka manne da gam aka sa wa rana kuwa ba zai kai 'yan shekaru ba. Kafin magidanci ya zaro kuɗinsa, ya juya takardar ya duba bayanta, ya kuma tabbata ya riga ya zaɓi bangon da za ta zauna.