Iska Mai Sanyi Ta Fi Iska Mai Yawa a Tseren Mota

A ƙasar Amurka akwai wani irin tseren motoci da ake yi a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402. Motoci biyu ne ke tashi daga tsaye, wadda ta riga kaiwa ita ta ci. Da yawa daga masu wannan wasa suna amfani da na'urar turbo da ta zo da motar daga masana'anta, kuma abin da suka fi yi shi ne matsa mata ta ƙara tura iska cikin inji. A ganina sun fara daga inda bai kamata ba.

Turbo, wadda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana danna iska cikin silinda domin a ƙone ƙarin fetur. To amma duk iskar da aka danna sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami: iska mai zafin digiri 30, idan aka ninka matsinta, tana fita daga turbo da zafin kusan digiri 125. Saboda haka nauyin iskar da ke shiga silinda bai ninka ba, rabi kawai ya ƙaru. Idan kuwa aka sanyaya ta zuwa digiri 50, ƙarin ya kusa kashi 90 cikin ɗari. Ita ƙaramar turbo ta masana'anta, in aka wuce da ita iyakar da aka ƙera ta, zafin da take ƙarawa ya fi iskar. Iska mai zafi kuma kan sa fetur ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, abin da kan huda fistin.

Kamfanin Buick ya nuna haka a aikace. Motarsa Grand National mai injin lita 3.8 tana da ƙarfin doki 200 a 1985. A 1986 aka sanya mata na'urar sanyaya iska, mai kama da lagireto, tare da wasu gyare-gyare, ƙarfin ya kai 235, a 1987 kuma 245.

Bayan sanyi, sai fetur mai jure matsi da kuma salansa mai faɗi, don hayaƙi ya fita ba tare da cikas ba. Sauran aikin na direba ne. Turbo ba ta ba da ƙarfi sai ta ɗauki gudu, shi ya sa masu mota mai giya otomatik ke taka birki da totur tare kafin a ba da alamar tashi. Ko da hakan, in tayoyin ba su kama kwalta ba, sai su yi ta juyawa wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin tsere kuwa ya riga ya yi nisa.