Maganin da ke cikin gidan sauro shi ake ɓarnatarwa a gona

A Bunkure ta jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, manomi kan goya tankin feshi da hantsi ya bi kunya-kunya yana yi wa tumatir da tattasai wanka da maganin ƙwari. Da dare kuma 'ya'yansa su shige gidan sauron da aka raba wa uwarsu kyauta. Abin da ke cikin tankin da wanda aka cusa a zaren gidan sauron 'yan gida ɗaya ne, dangin sinadarin da masana ke kira fairitiroid. Kwalbar da aka ga sunan sinadarinta ya ƙare da haruffan "thrin", kusan kullum daga wannan zuriya take: famitirin, saifamitirin, deltamitirin, lamda-saihalotirin. Karate da Decis da manoma suka daɗe da sani nan suka fito, haka ma yawancin maganin sauro na fesawa a ɗaki da na kunnawa.

Najeriya na yi wa wannan dangi riƙon sakainar kashi. Ba wai ya fi sauran magungunan ƙwari mugunta ba ne, a'a, sauƙinsa ne ya jawo masa. Saboda ba ya kashe mutum nan take kamar fiya-fiya, sai aka sake shi a kasuwa babu mai tambaya, alhali kuwa a kansa aka gina kusan dukkan garkuwar yara daga zazzaɓin cizon sauro.

Asalinsa fure ne. Akwai wani farin fure da Kenya ta yi suna wajen nomansa, wanda in aka busar aka niƙa, garinsa na kashe ƙwari, sai dai da rana ta buge shi ƙarfinsa ya tafi. A 1949 masana a Amurka suka haɗa kwatankwacinsa na farko a ɗakin gwaji. A farkon shekarun 1970 Michael Elliott da abokan aikinsa a cibiyar Rothamsted ta Ingila suka fito da irin da ke jure rana, daga nan ya bazu a gonakin duniya. Aikinsa a jijiya yake. Yana tokare 'yan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiyar ƙwaro, su kasa rufuwa, jijiyar ta yi ta aika saƙo ba tsayawa har ƙwaron ya sandare ya faɗi. Ɗan Adam ya samu rangwame saboda fatarsa ba ta tsotsar maganin sosai, hantarsa kuma tana farfasa shi ya fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki.

Rangwame ke nan, ba kariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye sinadarai huɗun da aka lissafa tun farko a aji na biyu, wato masu matsakaicin haɗari. Duk mai feshi na haya ya san raɗaɗi da ƙaiƙayin da fuska ke yi bayan aiki, tare da atishawa da hawaye da ciwon kai. Wanda ya sha kuwa, ko yaron da ya ɗauki gorar lemo da aka ɗura magani a ciki, zai iya kaiwa ga amai, jijjiga da suma. Likitocin ƙasar Sin sun tattara bayanan mutum 573 da suka gamu da gubar wannan dangi daga 1983 zuwa 1988, bakwai daga ciki suka mutu. Babu wata allura da ke karya shi kai tsaye, jinya ce kawai har jiki ya fitar da shi. Ɗura wa wanda ya sha manja ko madara don ya yi amai, kamar yadda aka saba, na iya ƙara dagula lamarin, domin ruwan da ake narkar da maganin a cikinsa ɗan'uwan kananzir ne, in ya sarƙe ya faɗa huhu ya fi maganin kansa ɓarna. Asibiti ake nufa, a tafi da kwalbar. Da yawa daga cikin kwalaben da ke kasuwa gauraye ne da wani dangi mafi zafi, irin su daimetowet, wanda ke toshe sinadaran da jiki ke farfasa fairitiroid da su, don haka sai likita ya ga takardar jikin kwalba zai san da wa yake faɗa.

Abin da ya fi tayar wa masana hankali yanzu shi ne ɗan kaɗan-kaɗan ɗin da ke shiga jiki shekara da shekaru. A ƙarshen 2019 masu bincike na Jami'ar Iowa a Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin manya 2,116. Waɗanda aka fi samun burbushin fairitiroid a fitsarinsu, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya kai ninki uku na waɗanda ke da mafi ƙaranci. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa maganin ne sanadi. Amma waɗancan Amurkawa ne da akasarinsu ba su taɓa goya tanki mai yoyo a gadon bayansu ba, ba su kuma sayi tumatir ɗin da aka fesa wa magani jiya aka tsinke yau ba.

Maganin sauro na kunnawa kuma matsalarsa hayaƙin ne. Wani gwaji da aka wallafa a 2003 ya gano cewa nadi ɗaya na iya fitar da ƙurar hayaƙi mai shiga huhu daidai da ta karan sigari 75 zuwa 137. A ɗakin da aka rufe taga saboda sanyi ko tsoron ɓarawo, jariri ne ke shaƙa har asuba.

Gidan sauro mai magani ba ya cikin wannan zargi. Maganin a zare yake, abin da ke taɓa mai barci kaɗan ne ƙwarai, kuma an auna shi an sake aunawa. Duk wanda ya sauke gidan sauronsa saboda tsoron sinadari ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Inda fairitiroid ba shi da tausayi ko kaɗan shi ne cikin ruwa. Kifi ba ya iya farfasa shi da sauri, jatan lande da ƙananan halittun da kifi ke ci kuwa ɗigo ya ishe su. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa matsakaicin saifamitirin a koguna kada ya wuce nanogiram 0.08 a lita guda, nanogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba gida biliyan. Birtaniya ta dakatar da sayar da saifamitirin na wankan tumaki a 2006 bayan an ga yadda yake share ƙwarin ruwa a rafuka, daga baya aka janye shi baki ɗaya. A nan Najeriya kuwa, a bakin magudanar ruwan noman rani ake haɗa magani, a nan ake ɗauraye tanki, a nan ake jefar da kwalba. Ruwan da ya bar gonakin Kura da Bunkure kogin Haɗejiya ya nufa, ya gangara dausayin Haɗejiya da Nguru inda masunta ke neman abinci. Ga kuma marasa tsoron Allah da ke zuba maganin gona a tafki don kifi ya taso su kwashe. Ƙudan zuma ma ba ya tsira in an yi feshi da rana lokacin da amfani ke fure, kuma kyanwa na iya mutuwa da famitirin ɗin da kare ke ɗauka lafiya.

Duk wannan ɓarna ce, amma ba ita ce babbar asarar ba.

Shekaru da dama, fairitiroid ne kaɗai dangin da aka amince a sa a gidan sauro. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara aikin gidan sauro mai magani ne. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Babu ƙasar da ta fi ta buƙatar wannan magani ya ci gaba da aiki.

Sauro kuwa ya fara gagararsa. Tun 1993 aka ba da rahoton sauron maleriya mai jure famitirin a Kwaddibuwa. A Burkina Faso an lura juriyar ta fi yawa a yankunan noman auduga da ake narka wa feshi. Dalilin a fili yake. Tsutsar sauro a kududdufin gona da gefen magudana take tasowa, inda ragowar maganin ke taruwa, ba mai ƙarfin da zai kashe duka ba. Masu rauni su mutu, masu taurin rai su rayu su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu. Kafin sauron ya iso ɗaki ya sauka a kan gidan sauro, kakanninsa sun riga sun ci wannan jarrabawa a gona. A 2014 masana daga Jami'ar Bayero ta Kano da takwarorinsu na Liverpool suka wallafa abin da suka samu a sauron Bunkure da na Auyo ta jihar Jigawa, duka biyun wuraren noman rani: yana jure DDT da fairitiroid, kuma canjin ƙwayar halittar da ke ba shi wannan juriya ya yaɗu a cikinsa sosai. Gaskiya ne gidajen sauron kansu da feshin ɗaki suna da nasu kason a laifin. Sai dai gidan sauro rai yake ceta, feshin da ake yi wa gona duk mako ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba kuwa asarar kuɗi ce tun daga tushe.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana abin da ke biyo baya. A 1996 ta bar DDT ta koma fesa fairitiroid a bangon gidaje. Wani nau'in sauro mai jure shi ya dawo, a shekarar 2000 masu kamuwa da maleriya suka haura 60,000, dole aka koma wa DDT. Yau mafitar da aka samu ita ce sababbin gidajen sauro. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da masu ɗauke da ƙarin sinadarin PBO da ke raunana garkuwar sauro, a 2023 kuma ta ba da shawarar amfani da masu haɗe da kulofenafir, bayan gwaji a Tanzaniya da Benin ya nuna sun rage kamuwar yara da kusan rabi. Sun fi tsada, har yanzu da fairitiroid a cikinsu, shi kuma kulofenafir ɗin maganin gona ne tun asali. Idan aka sake shi yadda aka saki na farko, hanyar da na farko ya bi zai bi.

Manomi ma ba riba yake ci ba. A 2016 tsutsar Tuta ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tsutsar a cikin ganye take ɓuya, kuma ta iso Afirka da juriyar fairitiroid a jikinta. Wanda ya ninka feshi ya kashe ƙwarin da ke cin ta, ya bar ta tana kiwo.

Doka dai akwai. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan ƙwari rajista. NESREA ta 2007 na kula da muhalli, ma'aikatun gona na da malamansu, shirin yaƙi da maleriya na ƙasa na bibiyar juriyar sauro. Matsalar ita ce ikon hukuma a takardar rajista yake ƙarewa, bai isa teburin mai talla a kasuwar ƙauye ba, inda ake tsiyaya magani a gorar ruwa a sayar murfi-murfi, babu suna babu ranar lalacewa. Kwalbar da ta zo da takardarta ma galibi da Turanci take magana, da rubutu ƙanana, ga mutumin da Hausa yake karantawa, ta boko ko ta ajami. Nijar na cikin kwamitin bai-ɗaya na ƙasashen Sahel da ke tantance maganin ƙwari daga Bamako, amma kwalaben da ba su bi ta hannunsa ba suna tsallaka iyaka su cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Hukuma kan motsa ne in abu ya fashe. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar dikulobos. A 2019, bayan yawaitar masu kashe kansu da maganin ƙwari na Sniper, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni. A 2023 ta sanar da shirin kawar da kulofirifos. Matakai ne masu kyau, amma ƙwaro bai tafi ba, manomi zai nemi madadi, kuma madadin da ya fi kusa da hannu da arha shi ne fairitiroid. Haka ta faru a Amurka: da aka janye kulofirifos da dayazinon daga amfanin gida a farkon shekarun 2000, fairitiroid ya maye gurbi, aka fara tsintarsa a lakar rafukan Kalifoniya, har jihar ta kafa sababbin ƙa'idoji a kan iri 17 a 2012. Najeriya na ganin wannan tafe, ba ta da uzurin cewa an shammace ta.

Haramta shi wauta ce. Abin buƙata shi ne a daina sayar da shi kamar gishiri. Mai sayar da maganin gona ya zama mai lasisi da horo, tsiyayawa a gora ta zama laifin da ake ƙwace kaya a kai. Kada a yi wa kowace kwalba rajista sai da gargaɗi da Hausa da sauran manyan harsuna, musamman kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Masu bibiyar sauro su samu kujera a inda ake yanke shawarar maganin da zai shiga gona, ta yadda a yankunan noman rani za a riƙa karɓa-karɓa tsakanin dangogin magani. Kuma hanyoyin rage feshi ba sai an je nesa ba: buhu mai ninki uku yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba, irin wake na SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019 kuma masu shi sun ce feshi biyu ya ishe shi maimakon shida zuwa takwas, ko da yake akwai masu ɗari-ɗari da iri da aka sauya wa halitta.

Gwamnatocin Kano da Jigawa ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su fara. Kasuwannin a hannunsu suke, malaman gona ma'aikatansu ne, kuma asibitocinsu ne ke cika da yara masu zazzaɓi duk damina. Su fara da rajistar masu sayar da maganin gona a ƙananan hukumomin noman rani kafin kakar tumatir mai zuwa.