Tafiyar Tuna Baya Zuwa Rufa'a: Ɓarnar Kuɗi Ce Ko Sauke Nauyi?

A 'yan kwanakin nan babu maganar da ta cika rumfunan 'yan uwanmu 'yan kasuwa a Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha, kamar ta wani bawan Allah mai fataucin riɗi da albasa, wanda ya rufe rumfarsa har kwana tara, ya ɗauki uwargidansa suka tafi wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Rufa'a a jihar Jazira, saboda sun cika shekara 25 da aure. Da muka kawo batun a shirinmu na rediyo, waya ba ta huta ba. Wasu sun ce kwaikwayon Turawa ne, wasu sun ce almubazzaranci ne a wannan marra da buhun dawa ke neman gagarar talaka, wasu kuma dariya kawai suka yi, wai Alhaji ya tsufa da soyayya.

Mu dai ra'ayinmu shi ne mutumin nan ya yi daidai, kuma za mu faɗi dalili.

Da farko ya kamata mai karatu ya san me ya kai su can. Auren zumunci ne. Shi a Wad Madani ya tashi, ita a Gadarif, amma duk hutun bazara a shekarun 1980 akan tura su wajen kakanninsu a wannan ƙauye. A wancan lokaci babu gada tsakanin Hasahisa da Rufa'a, sai a jira jirgin fito da ake kira bantun, a tsallaka Nilul Azraƙ tare da jakuna da buhunan hatsi. Idan ruwa ya ja baya, yara na bin manya gonakin bakin kogi tsinkar tumatir da kuɓewa, da yamma a taya masunta jan koma, da dare kuma a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana tatsuniya. A can ya fara ganin yarinyar da yau take da 'ya'ya shida a gidansa.

Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da suka bari. Kowa ya san yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, da yadda Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar, da irin ta'asar da aka yi a garuruwan gabashin Jazira a Oktoban 2024, kafin sojoji su sake karɓe yankin a farkon 2025. Gidan kakanninsu babu ƙofa, babu taga, an kwashe injin ban ruwa, ciyawa ta cinye tsakar gida. Ya shaida mana cewa Hajiya ta zauna a gindin bishiyar darbejiyar da suke wasa suna yara, ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta ce masa, "Alhaji, in ba mu gyara gidan nan ba, wa zai gyara?" Washegari ya nemo kafinta.

To, a nan ne muke ganin masu suka ba su dubi abin da kyau ba. Babu kiɗa a tafiyar nan, babu taron cin abinci, babu hayar ɗakin biki. Sun ziyarci makabarta sun yi wa magabata addu'a, sun gaida tsofaffin da suka rage, sun zauna da dagaci da maƙwabta aka sake tabbatar da iyakar gonar gado a gaban shaidu. Shagalin da suka yi bai wuce agashe da jabana a kasuwar Rufa'a ba. Idan wannan ne kwaikwayon Turawa, to me za mu kira zumunci, wanda tun kaka da kakanni aka ce a ƙafa yake?

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mu Hausawan Sudan mun daɗe muna shan kalmar "baƙi", duk da cewa kakanninmu sun bi hanyar aikin Hajji suka zauna a bakin wannan kogi tun kafin a haifi masu faɗin haka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, gumin iyayenmu na cikin abin da ya raya su. Amma duk da haka, a rikicin jihar Nilul Azraƙ na Yulin 2022, wanda ya taso kan batun sarauta da ƙasa, an kashe jama'a da dama, dubbai suka bar gidajensu. Darasin a fili yake: gonar da mai ita ya yi shekaru bai taka ba, kuma 'ya'yansa ba su san iyakarta ba, wata rana wani ne zai ce tasa ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai kuma haƙƙin iyali. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwa. Ɗan kasuwar kan iyaka yakan yi wata uku bai kwana a ɗakinsa ba. Ya san farashin riɗi a Gadarif da canjin kuɗi a Matamma, amma bai san ranar da matarsa ta yi dariya ta ƙarshe ba. Ita ce ta riƙe yara lokacin gudun hijira, ita ce ta sayar da 'yan kunnenta da jari ya karye. Kwana tara cikin shekara 25 bai yi yawa ba. Garin Rufa'a kansa ya san darajar mace, domin a nan ne Malam Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, lokacin da mutane da yawa ke ganin abin kunya ne.

Ba mu ce masu maganar kuɗi ba su da hujja ba. Wanda ake bin sa bashi, ko yaransa ba su da abin kalaci, ya fara da abin da ya wajaba. Haka nan hanya sai an yi bincike: a tambayi direbobi da mutanen gari kafin a tashi, a riƙe takardun shaida, kada a yi tafiyar dare, kuma a ja kunnen yara kada su taɓa duk wani ƙarfe da suka gani a kango ko gona, domin ragowar makamai na nan.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Gallabat da Gadarif da su riƙa haɗa mota ɗaya bayan kakar riɗi, masu dangi a ƙauyukan Rufa'a, Hasahisa da Mai Wurno su tafi da matansu da 'ya'yansu, maƙwabci ya riƙe wa maƙwabci rumfa. A nuna wa yara kabarin kakansu da iyakar gonarsu. Shi dai Alhajin ya dawo ya buɗe rumfa, ya kuma ce baɗi da yaran za su je. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maida kowa gidansa, amin.