Waya Ta Ratsa Malbaza, Rezo Bai Sauka Ƙauye Ba

Duk lokacin da aka yi bikin ƙaddamar da wani aikin sadarwa a Yamai, magana ɗaya ake maimaitawa: an shimfiɗa kilomita kaza na wayar fiba, saboda haka karkara ta kusa shiga zamani. Ƴan jarida su ɗauka, ƴan boko su yaɗa, har maganar ta zama kamar karatun da ba a ja da shi. To, ni ina ja da shi. Tsawon wayar da aka binne ba ya gaya mana ko mutum nawa ne suka samu intanet, kuma mu mutanen Malbaza mun fi kowa cancantar faɗin haka, domin wayar ta daɗe kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Babbar wayar fiba da ta taso daga Yamai ta bi gefen kwalta ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta ratsa Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi da Damagaram. Wani reshen kuma ya yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Shekaru ke nan. Amma a sauka daga kwalta, a hau kabu-kabu a yi tafiyar rabin awa cikin karkarar Dogarawa ko ta Illela, sai a tarar da magidanci a kan tudu, ya ɗaga salula sama yana neman rezo don saƙon muryar ɗansa da ke ci-rani a Abijan ya sauko. Na ga tsohuwa ta ba yaro salularta ranar kasuwa ya kai gari a yi mata caji, a kuma buɗe mata saƙonnin da suka taru tun makon jiya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wayar fiba kamar babbar hanya take: tana haɗa birni da birni, ƙasa da ƙasa. Kafin abin da take ɗauke da shi ya isa salular manomi, sai an kafa eriya kusa da garinsa, an haɗa eriyar da wayar, an ba ta wuta dare da rana, an sa mai gadi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma kamfanonin da muke da su, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, lissafin riba suke yi kafin su kafa ƙarfe. Garin da mutanensa ke sayen kiredi kaɗan-kaɗan ba ya mayar da kuɗin gazuwal ɗin injin wuta, balle na eriyar. Wannan guntun da ya rage tsakanin kwalta da ƙauye shi ne aikin, kuma shi ne ba a yi wa biki.

Ban raina manyan ayyuka ba. Wayar da ta ratsa Sahara, wadda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinta, kilomita 1031 ce a cikin Nijar, ta kai iyakar Aljeriya ta Assamaka, ta kai ta Cadi ta Gigimi, ta kai ta Najeriya ta Magarya. Ƙasar da ba ta da teku tana buƙatar ƙofa fiye da ɗaya, wannan gaskiya ne. Sai dai a kira abin da sunansa: ƙofa ce aka buɗe wa ƙasa. Wanda ya ce wa mutumin Tajaye ko na Badagishiri ta dalilin wannan aikin intanet ya zo masa, ya yi masa alkawarin da wayar kaɗai ba za ta iya cikawa ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, ta farko irinta a ƙasar nan. Mun yi murna, kuma ta cancanci murna. Duk da haka har yau akwai garuruwan da manyan wayoyin lantarki ke ratsawa ta samansu, su kuwa da tocila suke cin tuwon dare. A faɗin Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a gida, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Da Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda rezo ke raunana idan wuta ta ɗauke. Duk shirin intanet na karkara da bai fara da maganar wuta ba, to an ɗora rufi ne kafin a yi gini.

Akwai kuma masu cewa a bar zancen baki ɗaya, wai ƙauye rijiya yake so da hatsi, mai jin yunwa ba ya cin intanet. Waɗannan ma ban yarda da su ba, kuma albasar Galmi ce hujjata. Lokacin cire albasa, wajen watan Maris da Afrilu, kuɗinta faɗuwa yake yi warwas. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira damina, lokacin da za ta yi tsada. Mai bashin taki da man injin ban-ruwa dole ya sayar nan take. Dillali ya san nawa buhu yake a Kumasi da Akara da Abijan a safiyar ranar, manomi bai sani ba, sai abin da aka gaya masa. A cika buhu har a ɗora masa hula, a biya shi kuɗin buhu ɗaya. Rezo ba zai biya masa bashi ba, amma zai sa ya shiga ciniki da idonsa a buɗe. Haka matar da mijinta ke turo kuɗi daga Libiya, haka ungozomar da ke son ta kira motar asibiti cikin dare. Buƙatar tana nan, kuma ta fi ta ɗan birni tsanani.

To wane irin intanet? Nan ma ba a tambayi mutanen ba. Fiye da rabin baligan ƙasar nan ba su iya karatun boko ba. Abin da ya karɓu a ƙauye shi ne saƙon murya na WhatsApp, don ba ya neman rubutu. Cibiyar RECA ta manoma ta gane haka tuni: manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci, ya turo da bayaninsa cikin Hausa ko Zabarmanci, a ba shi amsa da murya. Wannan shi ne amfani da ake gani. Amma saƙonnin kamfanonin waya, da takardun hukuma da ake cewa a cika ta intanet, yawancinsu da Faransanci suke, alhali tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Ga kuma tsadar forfe da ke ƙarewa kafin a gama sauko da bidiyo biyu. Starlink ma da ya fara aiki a Nijar a 2025, kuɗin faifansa ya fi ƙarfin manomi ɗaya. Amfaninsa a wurinmu sai in an girka shi a ɗakin shan magani ko makaranta, gari duka ya ɗiba.

Kuɗin wannan aikin ba a rasa su ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI ta fasahar sadarwa ke jagoranta, da niyyar kai rezo ga ƙauyuka fiye da 2000. Akwai kuma asusun da kamfanonin waya ke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki, musamman don wuraren da ba riba. Haƙƙinmu ne mu san inda suka shiga. A liƙa jerin sunaye a ofishin kowane magajin gari na Malbaza da Ƙonni da Illela: gari kaza an kafa eriya, tana aiki, gari kaza an kafa, ta mutu, gari kaza ba a je ba tukuna, ga lokacin da za a je. A karanta jerin a rediyon gari da Hausa. Hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya kuma ta auna ƙarfin rezo a cikin garuruwan kansu, har da damina lokacin da hanya ke yankewa, kada ta tsaya a bakin kwalta.

Ya ku masu karatu, musamman hakimai da masu gari da shugabannin ƙungiyoyin manoman albasa: in baƙi suka sake zuwa da labarin kilomita, ku tarbe su da mutunci kamar yadda muka saba, sannan ku ce su faɗi sunan garin da za a kafa eriya, da abin da zai ba ta wuta, da ranar da za ta fara aiki. Ku sa a rubuta, ku ajiye takardar.