Ran Manomi, Rumbunsa Da Bijimansa

A wannan mako filin namu zai bar birni da hayaniyarsa ya leƙa ƙaramin ƙauye, irin wanda gidajensa ba su wuce arba'in ko hamsin ba, wanda mota ba ta isa gare shi da damina, wanda kuma ba a jin sunansa a rediyo sai ran da masifa ta auka masa. Daga irin waɗannan ƙauyuka ne gero da dawa da masara da wake suke fitowa, su bi ta kasuwar Dandume ko ta Giwa, su sauka Dawanau, har su isa tukunyar ma'aikaci a Kaduna da Ikko. Saboda haka zancen lafiyar ƙauye zancen tuwon kowa ne.

Bari mu fara da duba yadda dukiyar manomi take. Ma'aikaci ajiyarsa tana banki, ɗan kasuwa kuwa yana iya kulle shago ya tafi da mabuɗi a aljihu. Amma dukiyar manomi iri uku ce, kuma dukkansu a fili suke: gona, da rumbu, da dabba. Gona ba ta ɗaukuwa a kai, in ya gudu a nan zai bar ta. Rumbu yana tsaye a tsakar gida, ashana ɗaya ta ishe shi. Bijimai biyu na huɗa su ne ƙarfin nomansa, su ne kuma asusunsa na ranar aure da ranar ciwo, wanda ya kore su a dare ɗaya ya kwashe gumin shekaru. Har wa yau manomi ba shi da damar ɓuya, domin shuka tana da lokacinta, noma da maimai da girbi kowanne da nasa, kowa ya san inda za a same shi da hantsi.

To, da can ta yaya ake tsare wannan dukiya? Ba za mu ce zamanin En'e aljanna ba ne, domin dattawa ba su manta da zafin haraji da bulalar 'yan doka ba. Amma akwai tsari guda da ya yi amfani, watau sanin juna. Baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. In an saci saniya, mafarauta su bi sawu, duk garin da sawu ya ɓace a cikinsa dagacinsa ke da bayani. A kasuwa kuma dillali ba ya sayar da dabbar da bai san mai ita ba, don in ta zama ta sata shi za a fara kamawa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Janar Gowon ta haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon mulki. Akwai hujjoji masu ƙarfi na yin haka. Kuskuren da aka yi shi ne, an cire tsohon ginshiƙi ba a kafa sabo a gurbinsa ba. Ɗan sanda ya zauna a hedkwatar ƙaramar hukuma, ƙauye ya zauna da Allah.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma jama'a suka yi ta ƙaruwa, gonaki suka ci burtali da mashaya, manya suka yanki daji. Makiyayi ya shiga gona, aka kai shi kotu, sau da yawa ya fito da rabin garkensa. Ɓarayi suka fara da shanun makiyayin kansa kafin su juyo kan na manomi. Da hukuma ta gaza, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, waɗansu daga cikinsu suka shiga kisa ba shari'a, aka buɗe ƙofar ramuwar gayya. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka auka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima cikin ƙaramar hukumar Maru a Zamfara, suka hallaka mutane masu ɗimbin yawa. Daga satar shanu aka koma satar mutane, dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sububu suka zama mafakar miyagu.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne dawowar haraji ta bayan gida. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Yau ga ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja ana aza musu kuɗi kafin su yi shuka, a sake aza musu kafin su yi girbi, wani wuri ma a tilasta musu noma gonar mai bindiga kafin su taɓa tasu. Wannan haraji ba shi da rasit, ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma biyansa bana ba ya hana a dawo baɗi.

Ku duba abin da wannan ya yi wa rumbu. A al'ada manomi yana fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya zuba sauran a rumbu, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har sabon hatsi ya shigo. Yanzu cikakken rumbu ya zama abin tsoro, domin shi ke jawo hari. Sai manomi ya sussuke hatsinsa tun da kaka ya kai kasuwa lokacin da ya fi araha, sa'an nan da tsakiyar damina ya dawo ya saya da tsada. Wanda bijimansa suka tafi ya koma fartanya, gonar da yake huɗewa cikin kwana uku ta gagare shi. Wanda ya biya kuɗin fansa kuwa, gonar ce ma ya sayar. A 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar neman mafaka. Kowane ƙauye da ya tashi, buhunansa sun ɓace daga kasuwa, ɗan birni kuma zai ji a farashin mudu.

Rai kuwa ba ya da madadi. A ran 28 ga Nuwamba 2020 'yan Boko Haram suka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshobe cikin Jihar Borno, washegari aka binne 43. A ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Ga mutumin ƙauye tsakanin wanda ya zo cutarsa da wanda ya zo cetonsa.

Hukuma ta gwada dabaru. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Miyagu sun ji jiki, amma manomin da ba shi da kasuwar sayar da akuya, ba shi da wayar kiran taimako, shi ma ya ji. A Oktoba 2023 Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma, a Janairu 2024 Zamfara ta kafa Askarawa. Wannan mataki yana da kyau muddin ana horad da su, ana biyansu a kan lokaci, ana kuma hukunta duk wanda ya wuce gona da iri, don kada a maimaita abin da ya faru da 'yan sa-kai.

Ga shawarar wannan fili. Da farko a kama kasuwar shanu, domin ɓarawo ba ya cin garke shi kaɗai. Kowace dabba da za a loda a mota a rubuta mai ita da dillalinta da garin da ta fito, mahauci da direba da suka karɓi ta sata su sha hukunci daidai da ɓarawon. Na biyu, a mayar wa mai unguwa da dagaci aikin sanin baƙo, a ba su albashin kirki, a kuma rufa asirin wanda ya kawo rahoto, don mutane da yawa sun yi shiru ne saboda labarin da suka kai ya riga su komawa daji. Na uku, hanya. Motar 'yan sanda ba ta tsallake rafi da damina, kwalbati ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin taimako da jana'iza. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, to, hakkin jama'a ne su tambayi shugabanninsu ina hanyar ƙauye. Na huɗu, a fitad da burtali da mashaya a fili, alƙali kuma ya yi wa manomi da makiyayi adalci guda.

Mutanen ƙauye ma suna da nasu. Wanda ke tsegunta wa miyagu gidan da aka sayar da sa, ko yake kai musu fetur da burodi, ɗan gari ne, kuma an san shi. Rufa masa asiri don zumunci kiwon kura ne a cikin garke.

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, bai kuwa ware birni ya bar ƙauye ba. Mu da ke barci a bayan katanga mu tuna, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa manomi ya ci guminsa cikin kwanciyar rai, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.