Tukunya Ba Ta Zama a Kan Dutse Ɗaya



Wannan makon za mu sosa inda yake mana ƙaiƙayi, mun kuma san wasu za su ji haushi. Kusan duk labarin da muke rubutawa, jaruminsa dogo ne mai faffaɗan ƙirji da murɗaɗɗen jiki, ciki a shafe kamar bai taɓa cin tuwo ba. Amma daga shafin farko har ƙarshe ba za ka ga inda ya yi gumi ba. Yana kwance a ɗaki mai sanyi, ana jera masa kuloli, damtse kuma sai ƙara cika yake. Mu da muka ƙirƙiro shi muna zaune awa biyar, wuya a sunkuye kan waya, kwalbar lemo a gefe, tumbi na turo riga. Ƙaryar da muka shirga a kan jarumin ita muke yi wa kanmu, wai kyakkyawan jiki sa'a ce, ko kuma kaya ne da ake saye a shago.

Magana ɗaya muka zo da ita. Jiki mai tsoka mara teɓa yana zama ne a kan abubuwa uku kamar tukunya a kan murhu: motsin da ke sa zuciya bugawa, ɗaga nauyi, da abinci. Duk wanda ya ce maka ɗaya ya isa, ko bai sani ba, ko yana da abin da yake son sayar maka.

Mu fara da masu yi wa tumbi kirari. "Alhaji hutu ya zauna," in ji mu, muna shafa masa ciki muna dariya. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, ya kewaye hanta da hanji, shi ne wanda likitoci suka fi dangantawa da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Gwajinsa ba ya buƙatar asibiti. Ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ƙugunka da ita saitin cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kuma wannan shi ne ma'aunin da hukumar NICE ta Ingila ta shawarci mutane su riƙa dubawa a 2022. Igiya ba ta jin kunyar kowa, ba ta san Alhaji ba.

Sai 'yan kasuwar shayin rage tumbi da suka cika mana wayoyi da hotunan "kafin" da "bayan". Da yawa daga cikin irin wannan shayi filasko ne a ciki, maganin da kakanninmu suka sani na wankin ciki. Ka kwana kana zaryar banɗaki, ka hau sikeli ka ga kilo biyu ya tafi, ka ɗauka kitse ne. Ruwa ne da abin da ke hanji, kwana biyu za su dawo. Abin da ya fi muni, hukumomin magunguna sun sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Haka ɗamarar roba da ake ɗaure ciki da ita: gumi take fitarwa, gumi kuwa ruwa ne. Har kwanta-tashi ɗari da wasu ke yi kullum da asuba ba ya ƙone kitsen ciki shi kaɗai. An gwada a Amurka a 2011, mutane suka yi mako shida suna atisayen ciki, tsokar cikin ta yi ƙarfi amma kitsen bai ragu ba. Jiki ba ya cire kitse daga inda ka nuna masa da yatsa.

A ɗaya gefen kuma ga masu neman cika ido cikin gaggawa. 'Yan mata da samari na shan sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne. Wannan magani kumbura fuska yake, ya tara kitse a ciki, ya cinye tsokar hannu da cinya, ya raunana ƙashi. Wato daidai kishiyar abin da ake nema. Masu allurar ƙarin tsoka a gidajen ɗaga ƙarfe su ma ba su tsira ba. Damtse zai fito, amma maraina na ƙanƙancewa, maniyyi na raguwa, zuciya da hanta na biyan bashin. Saurayi ɗan shekara 24 ya jinginar da haihuwarsa don hoton Facebook, wannan wane irin ciniki ne?

To mu koma kan duwatsun murhu.

Na farko, motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani kamar gudu. Wannan shi ke gyara zuciya da numfashi. Amma akwai 'yan uwanmu da suka mayar da gudu komai. Su yi ta zagaye fili, su hana kansu abinci, nauyi ya sauka har da tsokar. Ƙarshe sai ka ga mutum hannu kamar sillen kara, ga ɗan tumbi a gaba yana nan daram.

Na biyu, nauyi. Ƙa'idar hukumar ba ta tsaya a tafiya ba, ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma wannan sashen ne muke tsallakewa. Daga shekara 30 tsoka na fara zaizayewa a hankali idan ba a ba ta aiki ba. Tsoka tana girma ne idan ka ɗora mata abin da ya fi wanda ta saba, ka ba ta abinci da hutu, sannan ka ƙara mata kaɗan. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ka rungume ta ka tsuguna ka miƙe, ka ɗauki biyu ka zagaya tsakar gida, ka dafa ƙasa ka ɗaga jikinka, ka kama reshe ka ja kanka sama. Masu turin kurar ruwa da 'yan dako ba su taɓa ganin na'ura ba, ku dubi kafaɗunsu.

Mun san abin da 'yan ƙarfe za su ce: gudu na cinye tsoka. Maganar tana da asali. A 1980 wani masani mai suna Robert Hickson ya haɗa wa mutane ɗaga ƙarfe kwana biyar da gudu da keke mai tsanani kwana shida a mako, na tsawon mako goma. Wajen mako na bakwai ƙarfinsu ya daina ƙaruwa, daga baya ya fara ja baya. Amma ku dubi yawan aikin. Wanene a cikinmu ke yin haka? Tafiyar minti 40 bayan la'asar ba za ta taɓa damtsenka ba. Wanda ke ɗaga kilo 100 amma bene hawa biyu ya sa shi haki, ƙarfinsa na hoto ne. 'Yan dambe da 'yan kokawa sun san wannan tun da daɗewa: wanda numfashinsa ya ƙare a turmi na biyu, damtse ba ya cetonsa.

'Yan uwa mata, ku ma da ku muke. Ƙarfe ba zai mayar da ke namiji ba, domin sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne ƙwarai a jikinki. Abin da za ki samu shi ne ƙashi mai ƙwari da bayan da ba ya ciwo don kin goya yaro.

Na uku, abinci, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Mu yi lissafi. Mutum mai kilo 70 yana ƙone kusan kalori 70 a gudun kilomita ɗaya. Kwalbar lemo ta roba mai rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, kalori 200 da ɗoriya. Gudun kilomita uku kenan ka shanye a minti biyu. Cokalin mai babba kalori 120 ne, mu kuwa garau-garau sai mun ga mai na kwance a ƙasan kwano. Ba mu ce a bar tuwo ba. Mu raba faranti: rabi ganye irin zogale, rama da kabeji, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo ko shinkafa.

Mai son gina tsoka yana buƙatar furotin. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 49 a 2018 ya nuna amfanin yana kaiwa ƙololuwa a wajen giram 1.6 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato giram 112 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Busasshen wake giram 100 yana ba da sama da giram 20. Ga awara, ƙuliƙuli, kindirmo, busasshen kifi, alale. Za a ce rayuwa ta yi tsada, gaskiya ne. Amma kuɗin gwangwanin garin furotin na waje, ko kwalin shayin nan, mudu nawa na wake zai saya?

Ga mako mai sauƙi. Litinin, Laraba da Juma'a a ɗaga nauyi minti 45. Talata, Alhamis da Asabar a yi tafiya mai sauri minti 50, an cika 150 kenan. Lahadi a huta. Barci awa bakwai, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Mai son rage kitse ya nemi rabin kilo a mako, kada ya wuce gona da iri. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su ga likita kafin su fara. Wata uku za a fara ganin canji, shekara guda maƙwabta za su fara tambaya. Wanda ya yi maka alƙawarin kwana bakwai, riƙe aljihunka.

Mu da muka san littafi ba ya kammaluwa a dare ɗaya, bai kamata a yaudare mu da shayi ba. Yau kowa ya nemi igiya ya gwada kansa. Sannan idan mun koma kan labarinmu, mu tashi jarumin nan daga kan gado, mu sa shi ya yi gumi ko da a shafi ɗaya ne.

Sai mun ji daga gare ku.