A Daina Yi wa Masu Ɗinka Kakin 'Yartsana Dariya

A Amurka da Ingila akwai wasu mutane, da yawansu har furfura ta fito musu, waɗanda ke raba dare suna haɗa ƙananan mutum-mutumin sojoji na roba. Ba irin waɗanda ake jerawa a kanti suke yi ba. Sojojin tsofaffin littattafan labaran zane suke nema, waɗanda aka daina bugawa tun da daɗewa. Duk sa'ad da hotunan aikinsu suka iso gare mu, hukuncinmu ɗaya ne: ƙoshi ya yi wa Bature yawa, ga gandoki yana wasa da 'yartsana. Wannan hukunci na rago ne, kuma bai dace ya fito daga bakinmu ba.

A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe, soja mai tsawon inci 12 wanda gaɓoɓinsa ke motsi. Gudun kada yara maza su ƙi shi, sai aka ƙi kiransa 'yartsana, aka ƙirƙiro masa sabon suna. Tun daga nan ciniki ne ke yanke shawara. Mazubin roba yana da tsada, saboda haka kamfani ba ya zuba sai wanda ya tabbata dubbai za su saya. Sajan Rock, wanda Robert Kanigher da Joe Kubert suka ɗaukaka daga 1959, ya samu shiga. Na bayansa kuwa sai dai wanda ya yi sa'a.

A nan mai haɗawa da hannu yake shigowa. Ya tsoma gangar jiki a ruwan zafi har robar ta yi laushi, ya cire kai ya dasa wani, ya gina hanci da haɓa da ƙullun danƙo, ya shafa fenti da buroshi mai siririn baki, ya ɗinka kaki da aljihunsa da maɓallansa, yana duba tsohon shafi kada ya kuskure lambar kafaɗa. Wanda ya taɓa zama kusa da baduku ko mai ɗinkin hula ya san sunan wannan: sana'a.

To, su wa yake tonowa? Ga Ulysses Hazard, wanda ake wa laƙabi da Gravedigger, wato mahaƙin kabari, na mujallar Men of War da ta fara fita a 1977 ta mutu a 1980. A labarin, baƙar fata ne da ya yi fama da shan-inna tun yana yaro, ya horar da jikinsa, ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka miƙa masa shebur maimakon bindiga saboda launinsa. Labarin ƙirƙira ne, wariyar kuwa gaskiya ce: sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da ita a rundunar Amurka. Ga kuma Gabe Jones na kamfanin Marvel, wanda a fitowarsa ta farko a 1963 masu sa launi a maɗaba'a suka mai da shi farar fata, don ba su zaci baƙi ne ba. Mutumin da ya ɓata makonni yana gyara launin wannan fuska, da wasa yake?

Akwai masu cewa wannan ƙawata yaƙi ne. Ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba. Cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga kakin 'yan Nazi fiye da kima, kuma ba ni da uzurin da zan ba su. Amma yawancin jaruman da aka manta, ai don ba su yi wa yaƙi kirari ba ne kasuwa ta yi sanyi da su. Hans von Hammer na Enemy Ace, matuƙin jirgin Jamus da aka fara zanawa a 1965, kullum cikin ƙuncin kisan da yake yi ake nuna shi, abokin hirarsa kyarkeci ne a daji. Irin wannan ba ya sa yaro ya ja rigar uwarsa a kanti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da dariyar ke fitowa. Kakanninmu sun sa kaki. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Bama, kuma Hausa ce harshen bariki daga Najeriya har Gwalkwas. Barikin Burma Camp da ke Akara daga can ya samo suna. Daga Cadi sojojin Leclerc suka ratsa sahara suka karɓe Kufra a 1941. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wa 'yan Afirkan da suka dawo daga yaƙi wuta a kan haƙƙinsu. A Akara, 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suna tafiya kai kokensu ga gwamna. Waɗannan ba zane ba ne, mutane ne da jini a jika. Biyi Bandele ya rubuta Burma Boy a 2007, ya sa yaron Hausa a tsakiyar labarin, to cikin masu dariyar nan nawa ne suka buɗe shi?

Baturen da muke wa ba'a ya san yawan aljihun rigar sojan da bai taɓa rayuwa ba. Mu kuwa a zangonninmu da unguwanninmu, lambobin yabon tsofaffin soja suna ƙasan adaka suna tsatsa, hoton da ke jikin bango ya koɗe, jikan gidan ba zai iya faɗin rundunar da kakansa ya yi ba. Ga teloli, ga dukawa, ga yaran da ke ƙera mota da waya da gwangwani, ga matasa masu zane a waya. Hannun da zai ɗinka ɗan ƙaramin kaki da jar dara da ɗamara irin na sojan Gwalkwas yana nan cikinmu, ba wanda ya ba shi aikin.